Ni Ke Yin Gahawar Mahaifinka

Talata Mafara,
ranar Laraba da hantsi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ɗana Nasiru.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wagga takarda za ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, ka sauka Lakwaja lafiya, ka samu masauki da wurin aiki yadda kake so. Ina gajiyar hanya? Allah shi tsare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin ruwa, shi kare ka daga mugun ji da mugun gani, shi haɗa ka da abokan zama na kirki. Amin.

Na san ka tsaya a kan sunan nan na sama kana kallo. E, sunanka ne, kuma da hannuna na rubuta shi, ban ba Rabi ƙanwarka ta rubuta mini ba. Shekara talatin da ɗaya da haihuwarka bakina bai taɓa furta shi ba, don kai ne ɗan fari, kuma haka munka iske ana yi: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta yi masa dariya a gaban mutane. "Yayan Rabi" nake cewa, ko "shi wancan". In ka bugo waya Rabi nake miƙa wa, in koma gefe ina saurare kamar baƙuwa a gidana. To, na gaji. Gwaggonka in ta ji labari ta ce matar Malam ta zauce bayan takaba, sai ta faɗa, bakinta ne. Makarantar yaƙi da jahilci da na yi shekara uku ina jan ƙafa zuwa cikinta, yau ta yi mini rana.

Jiya na ga ka naɗe butar gahawar mahaifinka cikin tsohuwar rigarsa ka cusa a ƙasan jaka. Ka ɗauka ban gani ba. Tafi da ita, halaliyarka ce. Amma bari in gaya maka abin da babu wanda ya taɓa gaya maka: babu wani sirri cikin butar nan. Buta ce ta ƙarfe, a kasuwar Talata anka saye ta, irinta sun fi a ƙirga. Gahawar da mutane ke tahowa tun daga Bakura su sha a zaurenmu, wadda kuke kira gahawar Malam, ni ke yin ta. Ni ke soya ƙwayar, ni ke daka, ni ke auna gari, ni ke kwantar da ruwa, ni ke wanke ƙyallen tacewa. Mahaifinka, Allah shi jiƙansa shi kai haske kabarinsa, aikinsa shi ɗora buta kan kurfotin gawayi a gaban baƙi, shi sauke a lokacin da na koya masa, shi zuba a finjali. Kuma ya iya zubawa, wannan kam ban hana shi ba.

Kada ka ɗauka ƙarya ya yi. Bai taɓa cewa shi ke yi ba, sai dai bai taɓa cewa ba shi ba ne. Sau ɗaya na tsokane shi da maganar, na ce, "Malam, ka sha yabo yau." Ya ce, "To ke, in ce musu mi? In ce matata ce? A zaure?" Munka yi dariya, na bar maganar a nan. Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma ban ɗora wa kowa shi ba. In ka yi aiki da hannunka, Nasiru, a ofis ne ko a ina ne, anka tambayi wa ya yi, ka ce kai ne. Ba sai ka ɗaga murya ba, amma ka faɗa.

A wurin kakata na koya, Hajja ta Kaya, can ƙasar Maradun. Ta yi shekaru a Sudan kan hanyarta ta zuwa Makka a ƙasa, ta dawo da shan gahawa da faɗa, kuma duka biyun na gada. A hannunta na tashi. Da anka kawo ni gidan nan mahaifinka ko warin gahawa bai sani ba, manomin shinkafa ne da ya san kunu da fura.

To, saurara, tunda kai kaɗai ne yanzu a ɗaki da ɗan murhun gas ɗinka.

Soyawa da farko. Ina amarya na ƙona ƙwayar farko da na soya a gidan nan, ƙurmus. Kasko na kan wuta sai kakarka ta wajen uba ta ƙwala mini kira daga ɗakinta, ni kuwa kunya ta hana ni cewa "Ina zuwa, Inna, abu ke kan wuta." Na tafi na durƙusa tana ba ni labarin ciwon gwiwarta, ina jin ƙauri na cika gida, ina cewa "Allah shi sawwaƙe." Da na dawo gawayi na iske. Saboda haka in ka ɗora ƙwaya, ko wa ke kira ya jira. Kasko busasshe, ba mai, wuta kaɗan, cokalin katako a hannu, kada hannun ya tsaya. Za ka ga ta tashi daga kore ta koma rawaya, daga nan ta fara ƙara ƙas-ƙas. In ta yi launin busasshen dabino, sauke, ko da zuciyarka na cewa da saura. Zafin da ke jikinta zai ƙarasa aikin. Juye a faifai, baza, ka bushe ɓawon da baki. In ka ga ta yi baƙi tana ƙyalli da mai, ka riga ka wuce, kuma sukarin duniya ba zai gyara ta ba. Kada ka soya fiye da na mako guda. Ɗanyar ƙwaya tana cikin ƙullin shuɗin zane, ƙarƙashin kuka da daddawar da na sa maka, na naɗe ta a leda biyu don kada ta kwashi wari.

Maganar daddawa ta tuna mini da abin kunyar da na taɓa yi. Turmina na gahawa ya tsage, na ce ai ba komi, na wanke turmin miya na daka a ciki. Ranar baƙi sunka sha gahawa mai ɗanɗanon daddawa da tarugu. Wani tsoho ya yi ta atishawa har rawaninsa ya kwance. Mahaifinka ya shigo cikin gida yana riƙe da ciki don dariya, ya ce, "Yau miyar kuka munka sha a finjali." Ni ko ban yi dariya ba, kwana biyu ina jin haushin kaina. Ka sayi ɗan ƙaramin turmi, ka hana shi ganin komi sai gahawa. Kuma ka daka daidai wadda za ka sha a ranar, kada ka tara gari a gwangwani, ƙamshin gudu yake yi.

Wajen dakan ma na yi wauta shekara guda cur. Na ɗauka gwaninta ita ce in mai da ita laushi kamar garin tuwo, har da tankaɗewa nake yi a rariya. Sai ta riƙa ratsa ƙyalle, kowa ya sha ya iske laka a gindin finjali, ga ɗaci mai kama maƙogwaro. Da na je Kaya gaishe da Hajja na kai mata garin ta gani, ta murza a yatsa, ta dube ni ta ce, "Ke, kwalli za ki sa wa mijinki?" Daka ta tsaya tsaka-tsaki, kamar ƙananan tsakin gero. In ka murza ka ji tana ɗan cizon yatsa, ta yi.

Sai ruwa. Ka san rijiyar gidanmu, da rani ya yi nisa takan ɗauko wani ɗanɗano kamar an jiƙa kanwa. Kana gani kullum akwai ƙaramar randa a bayan ƙofar ɗakina da nake hana ku taɓawa, kai da Rabi kuna cewa rowa ce. Ba rowa ba ce, ruwan gahawa ne. Da damina na sama nake tara, da rani in aika a ɗebo daga rijiyar bakin masallaci, in bar shi ya kwana ya kwanta. Ban san ruwan Lakwaja ba, an ce mini koguna biyu gare su, Allah shi ba su lafiyar sha. Kai dai ka kurɓa kafin ka ɗora. In ka ji ɗanɗanon wani abu, ko ƙarfe, ko magani, ko robar jarkar da ta sha rana, to a gahawa zai ninka. Nemi ruwan da ba ya da ɗanɗanon komi.

Yanzu dahuwa, kuma a nan ne nake so ka buɗe kunne, don a nan anka ɓatar da kai.

Ranar sadakar arba'in ɗin mahaifinka kai ka ɗora buta a zaure. Ina cikin takaba, ina zaune a ɗakin da bangonsa ke jingine da zauren, komi ina ji. Garin kanti ka sayo, ka zuba a ruwan sanyi, ka bar shi yana ta tafasa kana gaisawa da mutane. Tun daga ƙaurin na san abin da za a sha. Alhaji Sambo na Bakura, aminin mahaifinka, ya kurɓa ya ajiye finjali, ya ce, "Allah shi jiƙan Malam, ya tafi da hannunsa." Kowa ya ce amin. Kai ma ka ce amin. Wallahi ji na yi kamar in buga bangon nan in ce hannun yana nan, ga shi a kan cinyata. Ban buga ba. Na ja carbi.

Bayan mako biyu ka hau babur ka tafi har Bakura, wai ka tambayi Alhaji Sambo yadda mahaifinka ke yi. Rabi ta gaya mini abin da ya ce maka: a bar ta ta tafasa har ta yi baƙi ƙirin, a ƙara sukari. Kai jama'a! Mutumin da bai taɓa ɗora ko ruwan alwala a wuta ba! Shekara talatin yana shan abu bai san ta ina ake bi ba, shi ka je tambaya. Ka wuce ni a tsakar gida da buta a hannu za ka tafi, ka wuce ni ka dawo, ka ce "Sannu da gida, Inna," na ce "Yauwa." Na ji haushinka ranar, ba zan ɓoye maka ba, har tuwo na kasa ci. Daga baya na zauna na tambayi kaina, to ta yaya za ka sani? Kana ganina da kasko da turmi tun kana rarrafe, amma a idonka duk aikin tsakar gida ɗaya ne, surfe da daka da tankaɗe. Kuma wa ya taɓa zaunar da kai ya ce maka wannan daban ne? Ba ni ba.

To ga yadda ake yi, ka manta da Bakura. Gahawa ba ta son tafasa. Ruwan ne ke tafasa, shi kaɗai, da 'yar citta da ka ƙwanƙwasa, da kanumfari ɗaya in kana so, ɗaya na ce. In ya tafasa ka sauke, ka yi salati goma a natse. Sannan ka zuba gari, ƙaramin cokali cike har ya yi tozo ga kowane finjali, ka juya sau ɗaya. Mai da buta kan wuta, amma ka rage gas ɗin nan har sai ya kusa mutuwa, don wutar gas ba ta da haƙurin gawayi. Tsaya a kanta, kada ka ɗauki waya. Za ka ga kumfa ya taru yana hawowa a hankali. Kafin ya fashe, ɗaga. Bari ya faɗa, ka mayar, ya sake hawowa, ka ɗaga. Sau biyu ya isa. Abin da kake gani mahaifinka na yi ke nan yana hira, kuna cewa salo ne. Sai da na yi wata uku ina koya masa a bayan ɗaki, yana zubar mini da gahawa a wuta.

Da ka sauke na biyu, yayyafa ruwan sanyi cokali guda a kai, ka rufe, ka bar ta. Ruwan sanyin ne ke tura garin ƙasa. Ka ba ta gwargwadon raka'a biyu na mai natsuwa, ba irin naka na ƙuruciya ba da kake dungurawa ka fita ƙwallo.

Saura tacewa, wadda ita ce ta fi ba ni wahala a rayuwa. Na sa maka ƙyalle biyu a cikin ƙullin, farin yadi ne na auduga zalla, na riga na dafa su don sitacin ya fita, na kuma ɗinke musu baki. Rariyar shayi ta ƙarfe ba ta isa ba, ramukanta sun yi faɗi, sai dai ka shimfiɗa ƙyallen a cikinta. Kafin ka tace, ka jiƙa shi da ruwan zafi, in ba haka ba shi zai shanye maka kan gahawar, inda daɗin yake. Ruwan zafin nan kuma ka ɗauraye finjali da shi. Zuba a hankali, buta a karkace, kada ka girgiza. In ka ga abin da ke fitowa ya fara kauri, tsaya. Abin da ya rage a gindi ba naka ba ne, zubar.

Shekaru na yi ina matse ƙyallen nan saboda tsimi. Ina ganin asara ce a zubar da ruwan da ya rage a cikin gari, sai in murɗe shi da ƙarfi har ɗigon ƙarshe, in juye wa kaina in sha a tsakar gida bayan an zuba wa maza ta kirki a zaure. Ɗaci ne zalla da laka. Shekara da shekaru ni mai yi ina shan mafi muni, kuma babu wanda ya sa ni, ni na sa kaina. Ranar da na fara dafa wa kaina finjali na kirki kafin a fita da buta, na zauna a kan turmi na sha, sai da na yi hawaye, don ashe haka take. Kada ka matse ƙyalle. Kuma kada ka ba kanka saura.

Wankinsa da ruwan zafi kawai, nan take, ka shanya a rana. Sabulu kada ya kusance shi. Wata ƙaramar salla na ga ƙyallen ya yi ja, na ji kunyar baƙi su gani, na wanke shi fes da sabulu mai ƙamshi. Buta guda anka zubar ranar, ga zaure cike. Jan ba datti ba ne, bar shi da launinsa. In ka sunsuna ka ji ya fara warin tsohon mai, ka dafa shi a ruwa zalla, in bai bari ba ka jefar ka ɗauki na biyu. Kuma gahawar da ta huce ba a mai da ta wuta. Dafa daidai cikinka.

Akwai kuskure guda da ya fi duk waɗannan, kuma shi ya sa na ɗauki biro. Kana da shekara tara, wata safiya ina soya, ka zo ka tsuguna kusa da ni har gwiwarka na taɓa zanena. Ka ce, "Inna, mi ya sa take ƙara?" Gwaggonka na zaune da wasu mata biyu, sunka zuba mini ido su ga abin da zan yi. Na ce, "Tashi ka ba ni wuri." Ka tashi. Matan sunka ce kai, wagga akwai kunya, 'yar gidan mutunci ce. Na ji daɗin yabon, Allah shi yafe mini. Ba ka sake tsugunawa kusa da ni ba, ko sau ɗaya, har ka yi gemu. Ina sane, ina lissafe. Amsar tambayarka kuwa ita ce, akwai ɗan ruwa a cikin ƙwayar, in ya ji wuta sai ya nemi hanyar fita ya fasa ta. Shi ke nan abin da na kasa gaya maka.

Ban ce kunya banza ce ba, da ita anka rene ni kuma ta tsare ni daga abubuwa da yawa. Amma in Allah ya ba ka ɗa, ya zo ya tsuguna kusa da kai ko kusa da uwarsa da tambaya a bakinsa, ku amsa masa, ko garin nan kaf na zaune yana kallo. In wani ya yi magana ka ce ni na ce.

Ranar Juma'ar da ta wuce, kana Gusau wajen takardunka, Alhaji Sambo ya zo yi maka sallama bai iske ka ba. Ya zauna a zaure. Na ce wa Rabi ta hura gawayi. Na soya, na daka, na dafa, na tace, na ba ta ta kai masa a tire. Na tsaya a bakin ƙofar tsakar gida. Can sai na ji ya yi gyaran murya.

"Innar Rabi, ina wuni? Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Alhaji. Ya iyali? Ya mutanen Bakura?"

"Lafiya lau. Innar Rabi, don Allah, wa ya dafa wagga?"

Na ce, "Ni ce, Alhaji. Kuma ni ce tun farko."

Sannan ya ce, "Ikon Allah. Ashe mun yi shekara talatin muna godiya a ƙofar da ba ita ba." Ya roƙi a ƙara masa. Na ƙara, amma na aika Rabi ta gaya masa ya daina koya wa 'ya'yan mutane ƙona gahawa.

Na ji sanyi a raina, sai dai bai daɗe ba. Da ka dawo da yamma na buɗe baki zan gaya maka, ka ce "Sannu da gida, Inna," na ji kaina na ce "Yauwa." Na iya faɗa wa baƙo daga bayan ƙofa, na kasa faɗa wa wanda na haifa yana tsaye a gabana. Shi ya sa za ka iske takardar nan a cikin jaka, ba a hannunka na ba ka ba. Iyakar ƙarfin da na samu ke nan a yanzu, kuma ban yarda a nan zan tsaya ba.

Ga abin da nake so. Ka yi yadda na rubuta. Ta farko za ta ɓaci, ta biyu ma wataƙila, kada ka damu. Ko ta yi daɗi ko ta ƙone, ka bugo waya ka gaya mini. Ba wayar Rabi ba, tawa. Na riga na gaya mata daga yau in ta ga kai ne, kada ta miƙo hannu. Ni zan ɗauka. Wataƙila ka ji shiru da farko, don ban saba ba, kuma muryata za ta iya ƙin fita. Kada ka kashe. Ka jira ni, ka yi mini tambaya ko wace iri ce, ko ta gahawa ko ba ta gahawa ba. Zan amsa.

Rabi na gaishe ka. Ka riƙe salla a kan lokacinta, ka ci abinci, kada ka shiga kwalekwale in ba dole ba. Allah shi tsare gabanka da bayanka, shi sa albarka a aikinka, shi dawo mini da kai lafiya ina da rai. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarka.